Balbela da Ɗana

Bara na sayi gilashin kyamara na hannu mai jawo nesa kusa, 70-300mm, don hotunan taron ƙungiya. Aka ce mini mai araha ba ya kama tsuntsu, sai na gwada.

Ranar Lahadi da hantsi nakan je bakin kara a nan Agege. Da farko hotunan duk dishi-dishi suke fitowa. Sannu a hankali na gane: rana ta kasance a bayana, saurin ɗauka 1/1000, ƙofar haske f/8, in jingina da bango kada hannu ya yi rawa. Sauran haƙuri ne, don kurciya ba ta jiran kowa.

Ran nan na nuna wa ɗana hoton balbela a gindin saniya. Ya faɗi sunanta da Turanci, da Hausa kuwa ya yi shiru. Haka hankaka, haka shirwa. Jikina ya yi sanyi.

Yanzu tare muke fita, yana rubuta sunayen. Ungulu ce har yau ba mu samu ba. Wanda ya san inda take sauka, don Allah ya sanar da ni.