Adakar Malam da Na'ura Mai Koyon Karatu

A cikin tsohon birnin Sakkwato akwai wani dattijo wanda mutanen unguwa ba su kiransa da kome sai Malam. Mahaifinsa magatakardan alƙali ne a zamaninsa, da ya rasu kuwa abin da Malam ya fi ɗauka da daraja cikin gadonsa shi ne wata adaka cike da takardu: wasiƙu, da shaidar sayen gonaki, da rabon gado, da waƙoƙin wa'azi, waɗansu da Larabci, waɗansu da ajamin Hausa. Takardun nan ba a ɗinke suke ba, falle-falle ne cikin tadarishi, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa. Shekara da shekaru, in aka zo neman wata takarda, Malam kan zura hannu ya zaro ta kamar mai ɗauko goro daga aljihu.

Da girma ya kama shi, sai yana ta rufe masa idanu. Ana nan kuma gardama ta tashi tsakanin danginsa da maƙwabtansu a kan iyakar wata gona ta fadama. Malam ya ce lalle akwai takardar shaida a cikin adakar, da hannun mahaifinsa, amma ga shi ba ya gani, cikin 'ya'yansa da jikokinsa kuwa babu mai iya karanta irin wannan rubutu da kyau. Ƙauyen da gonar take ya zuba ido, dangantakar gidaje biyu tana neman lalacewa.

Akwai wani jikansa, ɗalibi a jami'a, wanda ya ce abin mai sauƙi ne. Ya ɗauki hoton falle guda da wayarsa, ya miƙa wa wata manhaja mai karanta rubutun Larabci. Abin da ta fito da shi ba Larabci ba ne, ba kuma Hausa ba. Dalili kuwa a fili yake. Rubutun ƙasar nan ɗan gidan Magariba ne: fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama, saboda haka na'urar da ta saba da rubutun Gabas sai ta riƙa karanta ƙaf a matsayin fa. Har ila yau ba ta san ɗa mai hannu tana wakiltar ɗ ta Hausa ba, ba ta kuma san ɗigon yamala da ke ba da wasalin e ba. Da yaron ya karanta wa Malam abin da ya fito, dattijon ya yi dariya ya ce, "Aboki, wagga na'ura taka, wa yak karantar da ita?"

Haƙiƙa tambayar Malam ita ce gindin maganar. Irin waɗannan na'urori ba ƙa'ida ake rubuta musu ba, a ce ga kamannin wannan baƙi, ga na wancan. Misalai ake tara musu masu ɗimbin yawa, kowane misali da amsarsa. Na'ura ta yi hasashe, a gwada shi da amsar, ta gyara lissafin cikinta kaɗan, a sake, har kuskurenta ya ragu. Watau kamar almajiri ne da ake biya wa allo, sai dai shi almajiri kan gane bayan an biya masa sau kaɗan, ita kuwa sai an biya mata dubbai. Alal misali, a 1989 Yann LeCun da abokan aikinsa a ɗakin bincike na Bell a Amurka sun koya wa na'ura karanta lambobin gidan waya da mutane suka rubuta da hannu a bayan ambulan. Tarin misalan da aka fitar a 1998, wanda ake kira MNIST, yana da hotuna 60,000 na koyo da 10,000 na jarrabawa, duk don alƙaluma goma kacal. To, ina ga ajami, wanda baƙaƙensa ke sarƙe da juna, kowane gari da al'adarsa, kowane marubuci da hannunsa?

Yaron bai karaya ba. Ya ce tun da Malam ya haddace da yawa daga cikin abin da ke adakar, sai ya faɗa da baki, waya ta mayar da maganarsa rubutu. Nan ma aka gamu da cikas. Wannan fanni ya yi nisa ƙwarai tun daga 1952, lokacin da aka ƙera wata na'ura mai suna Audrey wadda ba ta gane kome sai alƙaluma daga sifiri zuwa tara. Whisper da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022 an horar da ita da sautin awa 680,000, amma mafi yawansa Turanci ne, rabon Hausa ɗan kaɗan ne. Abin da aka tara na Hausa kuwa ya fi karkata ga daidaitacciyar Hausa. Malam ya ce hwari, ya ce ɗiya, inda Bakano zai ce fari, ya ce 'ya, wayar ta rubuta abin da ta ga dama. Daɗin daɗawa, Hausa tana rarrabe ma'ana da tsawon wasali da karin sauti, boko kuma ba ya nuna su: gari na tuwo da gari na zama rubutunsu ɗaya.

Saura dabara ta uku, watau ta binciko takarda ba tare da an karanta ta duka ba. A farkon shekarun 2000 masu bincike a Jami'ar Massachusetts sun gwada haka da wasiƙun George Washington: a yanko hoton kalma guda, na'ura ta nemo duk inda siffa mai kama da ita ta bayyana. Yaron ba shi da kayan wannan aiki, amma ya ari dabarar. Malam ya faɗa masa sunan fadamar, ya kama hannunsa ya zana masa yadda mahaifinsa ke rubuta shi, da yadda yake jan wutsiyar baƙin ƙarshe. Kullum bayan isha'i yaron ya buɗe falle, ya ƙara girman hoton a waya, ya bi layi-layi yana neman wannan siffa. In ya yi tuntuɓe sai ya ambaci baƙaƙen ɗaya-ɗaya, Malam ya ƙarasa masa kalmar, wani lokaci har da labarin mutanen da aka ambata. Shi kuwa ya rubuta da boko a littafinsa, wayar tana ɗaukar muryar kakansa.

Bayan makonni aka dace da takardar. Ta ambaci shaidu, ta ce iyaka ita ce wata tsamiya, tsamiyar kuwa tana nan har yanzu. Aka karanta ta gaban dattawan ɓangarorin biyu, aka yi sulhu.

Amma abin da ya tsaya wa yaron a rai daban ne. Da ya duba littafinsa sai ya lura cewa abin da suka tara, watau hoton layi tare da karatunsa, da murya tare da rubutunta, shi ne ainihin abin da na'ura ke bukata kafin ta koya. Irin waɗannan takardu suna nan jibge a Gidan Arewa da ke Kaduna, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidajen malamai da ba su ƙirguwa. Ana iya ɗaukar hotonsu, amma hoto ba ya karanta kansa. Dole sai wanda ya iya ya zauna ya biya, masu iyawar kuwa kullum raguwa suke yi. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ko rubu'in adakar ba su kai ba, Malam kuwa ya haura tamanin. Duk hutun da aka samu yaron kan koma gida, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya buɗe falle na gaba. Dattijon ya gyara zama ya ce, "To, aboki, ina munka tsaya?"