Ta'aziyyar Indiya a Jega

A zamanin da Jega da Aliero da Maiyama ke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, mutuwar manyan Indiya ba ta wuce mu haka nan. Muna jin ta a akwatin rediyo, muna kuma ganin ta a fuskar malaman Indiya da ke koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare.

Mawaƙi Mohammed Rafi ya rasu ranar 31 ga Yulin 1980, cikin watan azumi. Direbobin da ke lodin albasar Aliero sun san muryarsa tun kafin su san sunansa, don kaset ɗinsa ke raka su har Kudu. Da aka ji Musulmi ne, sai dattawan da ke yi mana faɗa a kan waƙoƙin Indiya suka sassauta. "Allah Ya gafarta masa," in ji su, mu kuma muka amsa da amin da zuciya ɗaya.

Bayan shekara biyu Amitabh Bachchan ya ji mummunan rauni wajen ɗaukar fim ɗin Coolie, ya kai bakin kabari ya dawo. Da fim ɗin ya fito a 1983, 'yan dakon kasuwar Jega suka ɗauke shi nasu, tunda jarumin ɗan dako ne irinsu, sunansa kuma Iqbal.

Amma mutuwar da ta fi girgiza mu ita ce ta Firaministar Indiya, Indira Gandhi, ranar Laraba 31 ga Oktoban 1984, ana tsakiyar kaka. A teburin mai shayi aka kewaye rediyo, mai ita yana murɗa ta a hankali yana neman BBC, batir ya yi sanyi, kowa ya kasa kunne. Masu gadinta biyu, mabiya addinin Sikh, su suka harbe ta, saboda farmakin da ta sa sojoji suka kai wurin ibadarsu a Amritsar a watan Yuni. Cin amanar nan ita ta tsaya wa mutane a rai. Washegari ɗalibai suka riƙa tarar malamansu 'yan Indiya: "Malam, ya haƙuri?" Ba wanda ya koya mana haka, mun dai san baƙo ya yi rashi.

Lokacin da aka kashe ɗanta Rajiv a Mayun 1991, faɗuwar naira ta riga ta mayar da yawancin malaman nan gida. An jajanta a majalisa, sai dai babu wanda za a je wa gaisuwa. A Agustan shekarar aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, hira ta koma kan Birnin Kebbi.