Jitar bes mai araha da kotson kawuna

Kawuna, yayan mahaifiyata, ɗan amshi ne a ƙuruciyarsa, daga baya ya riƙe kotso. A Maradun yake zaune, garin da aka san shi da kiɗan fada tun kafin a haifi iyayenmu. Daga wannan yanki ne Musa Ɗanƙwairo ya fito, wanda aka haifa a ƙasar Bakura, ya yi wa sarakunan Maradun waƙa har sunan garin ya manne wa nasa, ya rasu a 1991. Daga nan ne kuma Sa'idu Faru. Kawu bai kai matsayinsu ba, bai ma taɓa cewa ya kai ba. Amma abin da ya rage a hannunsa ba kowa ke da shi ba yau, kuma hannun ya fara rawa.

Bara na yanke shawarar naɗar kiɗansa. Ina shirya wani rahoto na sauti a kan manoman da ke noman rani da ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, kuma ina son kiɗan buɗewa ya zama na gida. Na je da kwamfuta da makirfo ɗaya, na naɗo kotso da muryoyi uku. Da na dawo Talata Mafara na saurara, sai na ji kiɗan yana shawagi a sama, ƙasansa wayam. A filin fada, taron jama'a da faɗin wuri su ke cike wannan gurbi. A cikin lasifikar kunne babu mai cike shi. Nan tunanin jitar bes ya zo mini.

Akwai hanya mai sauƙi, wadda yawancin ɗakunan naɗar waƙa na Kano ke bi: a ɗauko sautin bes daga fiyano. Na gwada, bai zauna ba. Bugun Kawu yana jinkirtawa yana gaggautawa daidai da numfashin mawaƙi, ni kuwa yatsuna sun fi bin sa a kan tsirkiya, domin na ɗan taɓa jita a jami'a. Matsalar ita ce kuɗi. Abin da na iya warewa bai wuce na wayar hannu mai matsakaicin daraja ba.

Abu na farko da na koya shi ne, mai naɗa a gida ba ya bukatar babbar lasifikar da ake gani a dandalin wasa. Ana haɗa bes kai tsaye da ƙaramar na'urar shigar da sauti cikin kwamfuta, irin su Behringer ko Focusrite. Wannan ya rage kaso mai tsoka na kuɗin. Na biyu, sunan da ke rubuce a kan jita ba shi ke naɗuwa ba. Tun da Leo Fender ya fito da Precision a 1951 da Jazz a 1960, mafi yawan bes masu araha kwaikwayon waɗannan biyun suke yi. Squier da Yamaha da Ibanez duk suna da na masu ƙaramin ƙarfi, kuma a kasuwa akwai waɗanda ba a ma san masu ƙera su ba. Abin dubawa shi ne wuya da maganaɗisun da ke ɗaukar girgizar tsirkiya.

Batun maganaɗisu ya fi damun mai zama a irin garuruwanmu. Na samfurin Jazz guda biyu ne, kowanne yana jawo gunjin wutar lantarki idan aka buɗe shi shi kaɗai. Na samfurin Precision an raba shi gida biyu ta yadda ɗaya ke kashe gunjin ɗaya. A gidan da wayoyinsa ba su da kyakkyawan haɗi da ƙasa, inda ake sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta da inbata, wannan bambanci shi ne tsakanin naɗi mai tsabta da wanda za a zubar. Haka kuma na guji masu aiki da batir a ciki. Batirin yana mutuwa ba sallama, kuma kowace ƙarin waya ƙarin abin lalacewa ce a garin da babu mai gyaran jita.

Sai wuya. Itace ne, kuma yanayinmu ba ya tausaya wa itace. Da damina ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, har bakin ƙarafan da ke jere a kansa su riƙa karce yatsa. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa don miƙar da shi. Idan ta ƙi juyawa, a ajiye jitar komai kyanta. Ana kuma danna kowace tsirkiya a gaɓa ta 12, a ji ko muryar ta yi daidai da ta sake, sai dai ta fi ta tsayi ninki ɗaya. Idan ta kauce kaɗan, ana gyarawa da sukurdireba. Idan wuyan ya murɗe, babu magani.

A Sabon Garin Kano na samo tawa, a shagon da yawancin masu sayensa mawaƙan coci ne. Gwanjo ce, samfurin Precision, mai tsirkiya huɗu, fentinta ya kwaile a gefe. Akwai wata sabuwa ja mai tsirkiya biyar a kusa da ita, kuɗinsu kusan ɗaya, kuma ita zuciyata ta so. Na ɗaga ta na hango wuyanta daga ƙasa kamar mai duba gora, na ga ya karkace. Na ɗauki tsohuwar, ragowar kuɗin na sa a sababbin tsirkiyoyi da waya mai kyau.

Akwai wani abu da ban sani ba sai da na fara aiki. Tsirkiya mafi kauri tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, sautin da lasifikar waya ba ta iya fitarwa. Masu saurarena kuwa, daga Bakura har Gusau, a waya za su ji. Abin da ke kaiwa kunnensu shi ne ƙananan muryoyin da ke tafe a saman asalin sautin, ƙwaƙwalwa ta cike sauran. Don haka bes mai ɗan kaushi a tsakiya ta fi mai zurfi zalla amfani, kuma tsohuwar tawa haka take. Na kuma gano cewa idan na cire cajar kwamfuta na naɗa a kan batir, sauran gunjin yana ɓacewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba na'ura ba ne. Ina da hurumin sa baƙon sauti a ƙarƙashin kiɗan da aka gada? Na bi hanyar Maradun da rana tsaka, kamar yadda kowa ke yi yanzu saboda halin tsaro, na sa wa Kawu lasifikar kunne. Ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba. Sannan ya cire ya dube ni.

"Wanga abu naka yana da murya, ɗana. Amma yana shiga gaban kotso. Bara ba ya riga ubangidansa zama."

Na ce, "To Kawu, a cire shi?"

Ya ce a bar shi, amma ya jira bugu ya faɗi kafin ya amsa, kamar ɗan amshi. Na koma na goge fiye da rabin abin da na kaɗa, na bar murya ɗaya ko biyu a kowace gaɓa. Shi ne kiɗan da ke buɗe rahoton yanzu. Asalin naɗin kuwa, kotso da muryoyi ba tare da bes ba, na ajiye shi a wuri uku daban, na kuma tura wa 'ya'yansa. Bayan sallah zan koma mu naɗi sauran waƙoƙin da yake tunawa.