Daren da Madugu Ya Biya Direbobi Sau Biyu

Ni ma'aikacin kwamfuta ne a wani ɗan kamfani da ke nan Ikko. Sana'armu ita ce shiga tsakanin masu kayan gwari da direbobin manyan motocin da ke kawo tumatir da albasa da tattasai daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12. Idan mota ta sauke kaya, dillali ya shaida, mu ne muke tura wa direba kuɗinsa ta banki a daren nan, domin ya sha mai da asuba ya juya gida.

Sai in fara da ɗan bayani, gama na san ba dukan masu karatu ne suka saba da wannan fage ba. Abin da ake kira gajimare a harkar kwamfuta ba kome ba ne illa manya-manyan ɗakuna cike da kwamfutoci, mallakar kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, waɗanda mutum yake haya ta intanet maimakon ya sayi nasa. To, aikinmu jerin ayyuka ne, kowanne yana jiran na gabansa: a tattara shaidar sauke kaya, a duba ta, a yi lissafi, a aika wa banki umurni, kana a tura wa direba saƙo a wayarsa. Tilas a sami mai tsara su, wanda zai ce wannan ya tashi, wancan ya dakata, wanda ya faɗi kuwa a sake gwada shi. A ofis madugu nake kiransa, domin aikin madugu ke nan a cikin ayarin fatake, har sunan ya bi shi.

Madugan nan iri-iri ne. Akwai Airflow, wanda Maxime Beauchemin ya fara rubutawa a kamfanin Airbnb a 2014, aka sake shi ga kowa kyauta a 2015. Microsoft ta fito da Logic Apps, Amazon kuma ta fito da Step Functions a 2016, sa'an nan Google ta kawo Cloud Composer a 2018. Wanda muke haya ba zan ambaci sunansa ba, gama rabin laifin abin da ya auku nawa ne.

Ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2024, a farkon azumi, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi nauyi a Afirka ta Yamma. Duk da haka na tafi gida hankalina kwance, ina cewa ai madugu ya san aikinsa. Da na tashi sahur sai na ga kira ya shigo daga wani dattijon direba da muka daɗe tare.

Ya ce, "Ɗana, lafiya kuwa? Kuɗi sun shigo mini sau biyu. Ni dai mota ɗaya na sauke."

Na ce, "Baba, ka tabbata ba saƙon ne ya maimaitu ba?"

Ya ce, "Na sa yarona ya duba. Kuɗin suna nan. Ka gaya mini inda zan mayar, kada in kai azumi da haƙƙin wani."

Abincin da ban ci ba ke nan. Ga yadda abin ya kasance. Madugu ya aika wa banki umurni, banki ya karɓa ya biya, amma amsar ta maƙale a hanya. Madugu ya jira daƙiƙa talatin bai ji kome ba, sai ya ɗauka aikin ya faɗi, ya sake aikawa kamar yadda ni da hannuna na umurce shi. Waɗansu direbobi sau biyu aka biya su, waɗansu har sau uku. Mafi yawansu sun mayar, Allah ya saka musu da alheri. Waɗansu sun riga sun sha mai da kuɗin, aka cire a tafiya ta gaba. Mutum biyu kuwa har yau ba mu sake ganin ƙeyarsu ba, kuma sai da na tsaya gaban maigidanmu na yi bayanin da ban so yi ba.

Babban abin da ya dame ni shi ne, na'urar tamu hali biyu kawai ta sani, watau an yi ko an kasa. Alhali kuwa akwai na uku, wanda kowane ɗan aike ya san shi: ban sani ba. In ka aiki yaro da kuɗi ya daɗe bai dawo ba, ba ka ɗebo waɗansu kuɗin ka ba wani yaro, sai ka fara bincike. Maganin abin sananne ne a wurin masana: a ba kowane umurni lamba tasa ta musamman, yadda in banki ya ga lambar a karo na biyu zai ce ai na riga na biya. Kamfanonin ma ba su ɓoye wannan ba. Amazon, alal misali, ta bayyana cewa tsarinta iri biyu ne, ɗaya yana iya ɗaukar har shekara guda yana tafiya, ɗayan kuwa ba ya wuce minti 5, kuma wannan na biyun yana iya gudanar da aiki fiye da sau ɗaya. Amma fa gargaɗin da aka binne a cikin shafi na ɗari bai kai wanda aka faɗa maka a bakin ƙofa ba. Sa madugu ya maimaita aiki layi biyu ne kawai na rubutu. Me zai hana a daidai wurin ya tambaye ka ko aikin nan mai maimaituwa ne, ya kuma ƙirƙiro lambar da kansa? A ganina wannan gyara ya fi dukan kwalliyar da suke ƙarawa kowace shekara.

Har wa yau, madugu ya iya gaba amma bai iya baya ba. Da na gane ɓarnar, na nemi hanyar da zan ce masa ya warware abin da ya yi daga taki na huɗu, ban samu ba. Sai in da ma ka zauna ka rubuta wa kowane taki kishiyarsa. Littafin tarihin aikin kuwa ya cika da dubban layuka, amma abin da ya ce game da daren nan bai wuce cewa lokaci ya ƙure ba. Kwana biyu na yi ina gwada shi da takardar banki layi-layi.

Batun kuɗi ba zan daɗe a kansa ba, gama kowa ya san halin da ake ciki. Da dala ake biyan hayar. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Madugun namu da ƙidayar taki yake lissafi, kuma kowane maimaici taki ne, watau har kuskuren ma sai da muka biya ladansa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne nisa. Bankin da muke aika wa umurni, in babu cunkoso, tafiyar rabin sa'a ce daga ofishinmu. Madugun kuwa a Turai yake zaune. Saƙo sai ya ƙetare teku ya dawo kafin ya isa maƙwabci. Microsoft ta buɗe manyan cibiyoyinta a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024, amma daga Ikko zuwa can ma ta teku ake bi. Masu ƙera waɗannan na'urori sun ƙera su ne da zaton hanya lafiya take, katsewa kuwa baƙon abu ce. Mu a nan ita ce abokiyar zama.

Na yi tunanin mu yi ƙaura zuwa wani kamfani, sai na tarar kowane madugu da yarensa. Abin da aka rubuta wa wannan, wancan ba ya karanta shi, sai a sake rubutu daga tushe. Maigida ya tambaye ni wata nawa zai ɗauka, na ce huɗu, ya ce a bar maganar.

Saboda haka muna nan inda muke. Na ba kowane umurni lambarsa. Na kuma hana madugu maimaita takin biya, in bai ji amsa ba sai ya tsaya ya buga mini waya, ko da tsakar dare ne. Ya tashe ni sau da yawa tun daga lokacin, har uwargida ta fara kiransa kishiyarta. Baba kuwa, duk sa'ad da ya sauke kaya, yakan kira ni ya ce, "Ɗana, sau ɗaya suka shigo," kana ya kama hanyar Ibadan.