Musuluncin Da Ya Ƙetare Teku Cikin Sarƙa

Idan aka tashi ba da tarihin yaɗuwar Musulunci, galibi da sunayen jarumawa da sarakuna akan fara, da su kuma akan ƙare. Sai a ce Amru ɗan Asi ya ci Masar wajen shekarar 641, Uƙuba ɗan Nafi'u ya kafa birnin Ƙairawan cikin 670, Ɗariƙu ɗan Ziyadu kuma ya haye zuwa Andalus cikin 711. In an gangaro ƙasashenmu sai a ambaci Mansa Musa na Mali da hajjinsa na 1324, da Sarkin Kano Yaji wanda Wangarawa suka zo wa da salla. Waɗanda suka zurfafa bincike sukan ƙara da fatake, su kawo misalin Indunusiya, inda ba wata rundunar Larabawa da ta taɓa sauka, amma ga Musulmi fiye da miliyan ɗari biyu. Duk wannan gaskiya ne, ba mai musu.

Amma akwai kashi na uku na waɗanda suka ɗauki addinin nan suka kai shi nesa, waɗanda ba mu cika tunawa da su ba ko a wa'azi ko a makaranta. Ba su da doki, ba su da ayari, ko rigar da ke jikinsu ba tasu ba ce. Su ne bayin da aka ɗaure aka zuba cikin jiragen ruwa. Ni a ganina mu Hausawa mun fi kowa cancantar sanin labarinsu, domin da yawansu jininmu ne.

Tun daga 1804, yaƙe-yaƙen zamanin jihadi a ƙasar Hausa, da waɗanda suka biyo bayan rushewar daular Oyo, sun jefa dubban mutane hannun masu cinikin bayi. Akan kora su kudu, hannu zuwa hannu, har bakin teku a Ikko ko Badagiri ko Wida, daga nan sai Bahiya a ƙasar Birazil. Tilas mu faɗa wa kanmu gaskiya ko da ɗaci: ba Turawa ne suka shiga garuruwanmu suka kamo su ba, mutanen ƙasa ne suka kama, mutanen ƙasa suka sayar, cikin waɗanda aka sayar kuwa har da malamai da mahaddata. Zancen ya kai har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattauna batun hana wannan ciniki da Bature Kilafaton sa'ad da ya zo Sakkwato cikin 1824.

Da suka isa Bahiya, Hausawa ne suka fara ta da ƙayar baya. An tona wani shirinsu na tawaye cikin 1807, suka sake yunƙurawa cikin 1809 da 1814. Babban tashin kuwa shi ne na daren 24 ga watan Janairu 1835, wayewar garin Lahadi, cikin goman ƙarshe na watan azumi, a birnin Salbado. Yawancin waɗanda suka fito wannan karo Yarabawa ne, tare da Hausawa da Nufawa, shi ya sa ake kiransa tawayen Male, daga kalmar Imale wadda Yarabawa ke kiran Musulmi da ita. Cikin malamansu akwai Bahaushe mai suna Dandara, wanda ya riga ya fanshi kansa yana sayar da taba, yana kuma karantarwa. Sun zaɓi ranar wani bikin Kiristoci don iyayen gijinsu su shagala, amma asiri ya tonu tun kafin lokaci, sai suka fito da tsakar dare, mutum wajen 600, sanye da fararen riguna, da layu a wuya, da takubba a hannu. Kafin gari ya waye sojan doki sun murƙushe su, an kashe wajen 70. Daga baya aka harbe huɗu, aka yi wa da yawa bulala ɗari-ɗari, aka kori wasu zuwa Afirka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da 'yan sanda suka tarar a gidajensu: alluna, da tawada, da tazbaha, da 'yan takardu masu ɗauke da ayoyi da addu'o'i cikin rubutu irin na ƙasarmu. Waɗannan takardu suna nan ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Bahiya. Bawa ya iya karatu da rubutu alhali kuwa da yawa daga iyayen gijinsa ba su iya ba.

A nan ne mutum zai gane wani sirri na wannan addini. Ginshiƙansa ba su bukatar komai wanda azzalumi zai iya ƙwacewa a bakin jirgi. Kalmar shahada tana kan harshe, salla ana yinta ko'ina ƙasa take da tsarki, in ba ruwa a yi taimama, watan azumi kuwa a sama yake, ba wanda ya isa ya ɓoye shi. Ba a bukatar wani ya tsaya tsakanin bawa da Ubangijinsa, kowane Musulmi da ya san hukunci yana iya shiga gaba ya ja salla. Alƙur'ani kuma a ƙirji ake ɗaukarsa. Ayuba Sulaimanu Jallo, Bafillacen Bundu da aka sayar a Amurka cikin 1731, da ka ya rubuta shi sa'ad da ya isa Landan.

To, amma ina zuriyarsu? Wannan ita ce tambayar da ke hana ni sakewa. Cikin 1866 wani limami mutumin Bagadaza, Abdurrahman, ya sauka Riyo da jirgin Daular Usmaniyya, ya tarar da Musulmi baƙar fata suna ibada a ɓoye, ya zauna da su 'yan shekaru yana karantar da su. Ya ba da labarin cewa yawancin 'ya'yansu suna tashi ne cikin addinin iyayen gijinsu. Jakadan Faransa ya rubuta cikin 1869 cewa wani kantin littattafai a Riyo yakan sayar wa bayi da 'yantattu Alƙur'ani wajen ɗari kowace shekara, da tsada kuwa. Watau himma ba ta gaza ba. Abin da aka rasa shi ne makaranta a fili, da masallaci, da iyali wanda ba a raba uwa da ɗa a kasuwa. Da tsofaffin suka ƙare, sai karatun ya bi su kabari. Musulmin Birazil na yau yawancinsu zuriyar Larabawan Sham ne da suka je daga baya.

Sai mu dubi Kef Tawun a Afirka ta Kudu, inda labarin ya sha bamban. Can ma a ɗaure Turawan Holan suka kai Musulmi daga tsibiran Indunusiya. Cikinsu akwai Imam Abdullahi, wanda ake kira Tuwan Guru, aka tsare shi a tsibirin Robin tun 1780, tsibirin nan da aka tsare Nelson Mandela daga baya. Shi ma da ka ya rubuta Alƙur'ani a kurkuku. Amma da aka sake shi, abin da ya fara yi shi ne buɗe makaranta cikin 1793 domin 'ya'yan bayi da 'yantattu, masallacin Auwal ya biyo baya cikin 1794. Har suka riƙa rubuta harshen Afirkans da baƙaƙen Larabci, kamar yadda muke ajami. Yau fiye da shekara ɗari biyu ke nan ana kiran salla a wannan unguwa. Imani ɗaya ne, ƙangi ɗaya ne, makaranta ce ta raba makomarsu.

Wasu daga mutanen Birazil sun komo gida, sun zauna Ikko da Wida da Fotonobo, inda babban masallacin garin yake da siffar gine-ginen Bahiya. Duk lokacin da neman labari ya kai ni tsibirin Ikko, nakan so in ratsa ta masallacin Shitta-Bey in yi salla. Muhammadu Shitta, wanda aka haifa a Saliyo, ɗan waɗanda aka ceto daga jirgin bayi, shi ya gina shi da dukiyarsa, magininsa kuma daga cikin waɗanda suka komo daga Birazil ne. Ran da aka buɗe shi cikin 1894, wanda ya wakilci Sarkin Istanbul Abdulhamid shi ne Abdullahi Kwiliyam, lauya Baturen Ingila da ya musulunta cikin 1887 ya kafa masallaci a Libaful. Ɗan bawa, da maginin Birazil, da Bature, da saƙon Baturke, duk a ƙofar masallaci guda. Ban san wani darasin yaɗuwar Musulunci da ya fi wannan ba.

Jama'a, mu da muke zaune Agege da Idi-Araba da Obalande da sauran zangon kudu, ba wanda ya ɗaure mu, ba wanda ya hana mu kiran salla. Duk da haka nakan ga gidajen da uba ya fita kasuwa tun asuba, ba ya komowa sai dare, yaro ya kai shekara goma bai haɗa baƙi ba, malamin unguwa kuwa ana ja masa rai a kan ɗan kuɗin laraba. Muna tara kuɗi mu ɗora wa masallaci bene, makarantar da ke gefensa tana yoyo. Dandara da 'yan'uwansa sun karantar a ɓoye, bulala tana jiransu, aka fi ƙarfinsu. Mu in namu ya ɓace, wa za mu ce ya fi ƙarfinmu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yanmu, amin.