Attajirar Da Ta Mai Da Kantinta Wurin Gargaɗi

Mun daɗe muna bin tarihin attajirai, amma ba safai mukan gamu da wanda ya mai da teburin cinikinsa wurin gargaɗi kamar Evelyn Lauder ba.

An haife ta a ƙasar Ostiriya a 1936. Iyayenta Yahudawa ne, suka gudu da ita daga zaluncin 'yan Nazi har suka sauka Amurka a 1940. Ta yi malanta, ta auri Leonard Lauder a 1959, sa'an nan ta shiga kamfanin surukarta, watau Estée Lauder, mai sayar da turare da man shafawa.

A 1989 aka gano sankarar mama a jikinta. Ba ta cika zancen nata ciwon a bainar jama'a ba, kuma ba mu ga laifinta ba. Amma fa matan da kunya ko tsoro kan hana su ambaton wannan cuta, su ne dai masu zuwa sayayya kantunan kamfanin. Saboda haka a 1992, ita da Alexandra Penney, editar mujallar Self, suka sa aka riƙa ba masu ciniki ɗan ƙyalle ruwan hoda, haɗe da takardar da ke koya wa mace duba ƙirjinta da kanta. Wasu sukan ce talla ce kawai. Mu dai a ganinmu, ya 'yan'uwa 'yan kasuwa, tallar da ta kai mace gaban likita da wuri ba abin zargi ba ce.

A 1993 ta kafa gidauniyar biyan kuɗin bincike kan cutar. Ta rasu a 2011, sanadin sankarar ƙwan mahaifa, tana da shekara 75.