Tsufan gona a ƙasar yara

A Japan, inda kusan mutum 3 cikin 10 suka haura shekara 65, damuwar hukuma ita ce wa zai riƙe masana'antu idan dattawa sun ajiye aiki. Mutumin Magarya ko na Dungas zai iya cewa zancen bai shafe shi ba, tun da yake a Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 570,000 a gundumar Magarya, da sama da 350,000 a Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011. Yara kam sun cika gari. Sai dai hannun da ke riƙe da gona yana tsufa.

A da, saurayi kan tafi ci-rani bayan an ɗaure hatsi, ya dawo kafin ruwan shuka, ya shiga gandun mahaifinsa. Yanzu gado ya yayyanka gonaki, har rabon wani bai isa ya ciyar da gida wata shida ba. Saboda haka tafiya ta yi tsawo. Wanda ya nufi Kano, ko Legas, ko Libiya, yana iya shekara biyu bai ga damina a gida ba. Noman fari da maimai sai su faɗa kan tsoho da mata da ƙananan yara, ko kan ƴan ƙwadago idan aike ya iso. Aiken kuwa ba shi da tabbas. Rufe iyaka a 2019, da wanda ya biyo baya a 2023, da faɗuwar naira, sun nuna yadda abin da ɗa ya tara a Nijeriya yake ƙanƙancewa kafin ya zama sefa.

Ƙarfi ana iya sayensa, amma akwai abin da kasuwar Maigatari ba ta sayarwa. Bayan farin 1984, manoman Magarya da Matamai da Mirya suka daina tumɓuke tohon itace wajen sassabe, suka riƙa zaɓen mai ƙarfi suna renonsa. Da wannan sassaben zamani gawo ya koma gonaki, ya zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya ba ƙasa taki, ya ba dabbobi abinci da rani. Wanda ya soma wannan aiki yana ɗan shekara 30, yau ya kai 70. Shi ya san tohon da za a bari, da reshen da za a sare, da iyakar gona, da burtalin da makiyaya ke bi tun kaka da kakanni. Manomi kuma ba shi da fansho: ranar da gwiwa ta gaza, ranar ya bar aiki, ba tare da ya miƙa wa kowa ba.

Duk tsarin samar da aikin yi da ya ƙirga matasa kaɗai, to ya ƙirga rabi. Ya kamata ƙananan hukumomi irin su Bande da Waca da Malawa su san gonaki nawa ne ke hannun masu shekara 60, da wanda zai gaje su. Malaman makaranta suna iya gayyatar dattawan nan su koyar da ɗalibai renon gawo a gonar makaranta, ƙungiyoyin al'adu kuma su naɗi bayaninsu su rubuta shi da Hausa, tun masu shi suna iya tafiya har bakin gona su nuna da hannu.